Jan Fenti a Kan Gadon Baba

Da hannu mai dabbare-dabbaren lalle da fenti nake rubuta muku wannan, in kun ga kuskure ku tsallake shi. Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, sunana Barakatu, daga wani ƙauyen Hausawa da ke gefen garin Suki a ƙasar Sudan. Gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci, aka sa za a ɗaura mini aure da Bilyamin. Na san halinku, yanzu za ku cika mini ƙasan rubutu da "ki yi haƙuri, katako ne kawai". Ku dakata tukuna in gaya muku ko wane katako ne.

Babana, Usta Mato, kafinta ne; usta muke ce wa gwanin sana'a. Daga nan har Sinnar da wuya ka shiga gidan Bahaushe ba ka ga ƙofa ko kujerar da ta fita daga hannunsa ba. Ni kaɗai ya haifa, don haka ni ce 'yar aikensa a warsha, wato shagon aikinsa, tun ina da shekara tara. Duniya babu abin da Baba ya tsana kamar fenti. Cewa yake wanda ya yi aikin ƙwarai ba ya rufe shi. Man kattan, wani man 'ya'yan tsiro, yake dafawa da kakin zuma a wata baƙar tukunya, ya shafa wa itace da tsumma har jijiyoyinsa su fito, ka taɓa ka ji itace ne a ƙarƙashin hannunka.

A nan wajenmu yanzu ango ke sayen kayan ɗaki, kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke yi. Baba ya ce shi kam a'a. Kakansa daga ƙasar Sakkwato ya tako da ƙafa za shi Makka, ya yada zango a bakin Nilu, kuma a gidansu uba ne ke yi wa ɗiya gadon aurenta. Baba da kansa ya je dajin bakin kogi ya zaɓi bagaruwa, ya bar ta shekara biyu tana bushewa a inuwa. Ya haɗa gadon ba ƙusa ko ɗaya. A allon kai ya zana furen auduga goma sha ɗaya da fensir, saboda a gonar auduga ya fara ganin Inna.

Ya sassaƙa shida, sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Sauran biyar ɗin da hagu ya yi su. Wata bakwai yana fama, ni ke riƙe masa allon da gwiwata, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sun fito a karkace, wani ganye ya fi wani, a na ƙarshe ma wuƙar ta zame ta yi rami. Ni kuwa su na fi so. In na shafa su, numfashinsa nake ji a gefen kunnena. Bai kai ga shafa wa gadon mai ba ya rasu. Na rufe gadon da tsohon zani, ya shekara uku a warsha.

Bilyamin makanikin injunan ban ruwa ne. Ya zo ne a gyara masa ƙofar akwatin kayan aiki, ya tarar da mace da garin katako har a gira, bai yi dariya ba, kuma bai tambayi ina maigidan yake ba. Zuwansa na huɗu na buɗe masa gadon. Ya daɗe a tsugune yana bin furannin da ɗan yatsa, ya ce, "Allah shi jiƙan wanga hannu." A ranar na ba shi lambata.

Sauran samari turare suke kawowa daga Hartum. Shi gwangwani ya kawo mini, na man itace mai kaki, haɗin ƙasar waje, wanda in ya bushe yake tauri, ruwan shayi ma ba ya kama shi. Ya ce shago bakwai ya shiga kafin ya samu. Ku yi mini dariya in kuna so, amma a ƙarƙashin matashina gwangwanin nan ya kwana. Na ce a raina, ga mutumin da ya san inda zuciyata take.

Da aka sa rana, saura kwana arba'in, na yaye zanin. Kwana uku ina goge gadon da sanfara, takardar nan mai yashi, na fara da mai kaushi na ƙare da mai laushi, ina bin jijiyar itacen ba na ƙetare ta. Furannin ban kai musu sanfara ba ko kusa, da tsohon burushin haƙori na fitar da ƙurarsu. Na share warsha, na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Sannan na gauraya man sosai, don kakin a gindin gwangwani yake kwanciya.

Aikin nan ba ya son zari. Kaɗan za ki ɗiba a tsumma, ki murza har ya shige, ki jira gwargwadon shan kofin shayi, sai ki ɗauko busasshen tsumma ki goge duk wanda itacen ya ƙi sha. In kika bar shi ya kwanta a sama, danƙo zai yi, kuma ba ki da mai ceto sai kankarewa. Tsummokaran ma ba a tara su wuri ɗaya, shanya su ake yi ɗai-ɗai, don su kan kama wuta da kansu. Da na yi shafar farko bagaruwar ta juye ta koma launin dabino, furannin suka taso kamar yanzu aka sassaƙa su. Na zauna a ƙasa na yi kukana ni kaɗai. Bayan kwana biyu na yi ta biyu. Allon kai ya sha mai fiye da sauran, ya rage masa shafa ɗaya, siririya.

Ranar da zan yi ta ne Gwaggo Ramatu ta sauka daga Sinnar, da akwati biyu da buhun itacen hayaƙi. Yayar Baba ce, mace mai jiki, tob ɗinta, wato laffaya, kullum a goge, zobe a kowane yatsa. Ko ruwa ba ta sha ba ta kama hannuna ta juya shi sama da ƙasa.

"Mi ne wanga?"

"Hannuna ne, Gwaggo."

"Na ga alama. Na ɗauka ƙafar jaki ce anka ba ki aro." Ta waiwaya wajen Inna. "Fadimatu, haka za ki kai ɗiyar ƙanena gidan mutane?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ita dama ba mai magana ba ce, tun rasuwar Baba kuma sai abin ya ƙaru.

Gwaggo ta sa aka kwaɓa lalle ta ɗora mini a ɗan yatsa don gwaji. Ya wuni, aka wanke, ko ja bai yi ba. Kakin ya toshe fatar. Nan fa ta samu abin da take nema. Amarya da lalle bai kama ta ba, a garin nan, sai a shekara ana zancen. Ta yanke hukunci a take: babu warsha, babu rana, babu ƙofar gida. Safe da yamma in zauna a kan ramin duhan, hayaƙin nan da amare ke shiga lulluɓe da bargo, a murje ni da dilka, hannuna kuma a jiƙa shi da ruwan lemun tsami har ya koma na mutane.

"Shafa ɗaya ta rage, Gwaggo. Rabin wuni."

"Ko rabin minti. Kuma gadon nan naku da kuke ta wa kuka, ni ban ga an gama shi ba. Ko ƙyalli babu. Sai a ce mun kai ki da itacen girki."

"Haka Baba yake aikinsa."

"Babanki ƙanena ne, na riga ki saninai. Halas, magana ta ƙare."

Washegari ta sa maza huɗu suka ɗauke gadon zuwa sabon ɗakin da Bilyamin ya gina a gidansu, ƙetaren babbar magudanar ruwa, wai don kada shaiɗan ya ja ni warsha. Ta taga na leƙa ina kallon yadda suke gwara ƙafarsa da bango. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Na naɗe gwangwanin da tsummokara masu tsabta na ba Hana, ɗiyar Gwaggo, ta kai wa Bilyamin. Daga ƙarƙashin bargon hayaƙi, ido na hawaye, na rubuta masa:

"Allon kai kaɗai. Ka gauraya sosai. Kaɗan a tsumma. Ka bi jijiya. Ka goge ragowar. Kada ka bari kowa ya taɓa furannin."

"Tamam, an gama, ya usta," ya amsa, da hoton fuska mai dariya.

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Amana ce."

Ku lura da kalmar nan, shi ya rubuta ta, ban roƙe shi ba. Bayan kwana biyu na ce ya turo mini hoto. Ya ce wayarsa ba ta ɗaukar hoto a cikin ɗaki, duhu. Bayan mako na sake tambaya, ya ce an rufe gadon saboda masu shafe bango. Daga nan in na kawo zancen sai ya tambaye ni wane launin labule nake so. Saƙonninsa suka gajarce. Mutumin da yake cika mini waya da surutu har batir ya mutu, ya koma "lafiya lau" da "sai an jima". Na ce hidimar biki ce. Wallahi ni na riƙa nema masa uzuri, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan yanzu.

Yau da hantsi mai lalle ta zo. An shimfiɗa tabarma a rumfa, an sa ni sabuwar doguwar riga ruwan zuma mara hannu, gashina a tsefe an ɗaure da jan ƙyalle. An gama ƙafa tun jiya. Ta zana mini hannu biyu har gwiwar hannu, baƙi siɗik, Gwaggo na zaune a gefe tana shan jabana, gahawar nan tamu, tana yabon kanta, wai dubi yadda ta mai da ni mutum. Ina zaune hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, sai ga Hana ta dawo daga jeren ɗaki, tana rawar kai.

"Mabruk, barka amarya. Ɗakinki ya haɗu. Bari ki gani."

Ta riƙe mini wayarta a gaban fuska tana tura hotuna. Labule. Kwanuka a kabad. Madubi. Sai wani gado ja wur, mai ƙyalli, irin wanda ake jerawa a bakin kasuwar Sinnar.

"Wannan na wa ne?"

"Naki mana."

"Ina na Baba?"

Hana ta kalli uwarta. Gwaggo ta ajiye ɗan kofinta a hankali.

"Shi ne. An gyara shi ya zama na amare. Ki zauna, lallenki bai sha ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizgi tob ɗin Inna daga igiya da hannun nan mai ɗanyen lalle, na yafa, na zura silifas. Ina jin Gwaggo tana cewa a tare ni, mai lalle tana salati. Babu wanda ya isa. Sama da wata guda rana ba ta gan ni ba, yau ta gan ni tsakiyar titi. Na wuce masu shayi a gindin darbejiya, na wuce mai gyaran raksha, keken nan mai ƙafa uku, na hau gadar magudana, maza suna kawar da kai, mata suna leƙe ta katanga. Amarya a waje ana gobe ɗaurin aure, ƙamshin hayaƙi na bin ta. Na san kafin azahar labarin ya kai Suki, ko a jikina.

Gidan su Bilyamin cike yake da mata ana yankan albasa. Na yi sallama, ban jira amsa ba, na shige ɗakin. Warin fenti ya buge ni tun daga ƙofa.

Ga shi nan. Ƙafafun da Baba ya fere, an lulluɓe su da ja mai kauri. Na taɓa, ya manne mini a yatsa. An yi kwanaki da shafa shi amma bai bushe ba, ƙura da fikafikan sauro duk sun maƙale a jiki. Ko wane jahili ne ya yi aikin, bai san fenti ba ya zama a kan kaki ba. Na sa farce a gefen gadon na ja, sai ya taso kamar yanar madara, ya biyo hannuna falle guda. A ƙarƙashi ga bagaruwar Baba, launin dabino, ko tabo babu. Man da na shafa ya ƙi ba shi wuri.

Na yi dariya, Allah ya sani, har da hawaye. Na durƙusa na shiga ɓarewa da hannu biyu, lalle na cakuɗewa da fenti, zanen da aka yi awa uku ana yi ya koma taɓo. Ban damu ba. Na gama gefe ɗaya na rarrafa zuwa allon kai, na janye matasan da aka jingina.

Sumul yake.

Na shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na sake shafawa. Na sa farce, fentin nan ya ƙi tasowa, don a nan an ci itacen da inji har an wuce inda mai ya shiga. Babu na dama, babu na hagu. Goma sha ɗaya, duk an share su, an bar allo kamar ƙofar makaranta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Inuwar mutum na gani a ƙofa. Bilyamin ne, da jallabiya fara da aka yi masa don biki, an yi masa aski, bayansa kuma matan gidan sun yi cirko-cirko.

"Baraka," ya ce.

"Wa ya yi?"

Ya kalli hannuna, ya kalli ƙasa.

"Tambayarka nake. Gwaggo ce? Ko mutanen gidanku ne sunka ga bai dace da ɗakinsu ba?"

"Ni ne. Ni na kai shi wajen mai inji."

"Kai."

"Ni."

"Don mi?"

Na jira, wallahi na jira. Da ya ce kuskure ne, da ya ce faɗuwa ya yi ya tsage, ko ƙarya ce zan karɓa. Mutumin nan ya tsaya yana murza hularsa kamar an kama shi da satar kaza.

"Kunya ka ji? Abokanka za su shigo su ga karkataccen aiki? Kai ne ka tsuguna a warsha kana Allah shi jiƙan hannu. Ashe lambar waya kake nema."

"Ki yi haƙuri. Ba zan iya ce miki komi ba."

"Wata guda kana yi mini ƙarya. Duhu. Masu shafe bango. Labule."

"Na yi."

Wannan "na yi" ɗin ta fi zagi ciwo. Na miƙe, na goge hannuna a gaban farar jallabiyarsa, sama zuwa ƙasa, baƙi da ja. Bai matsa ba. Mahaifiyarsa na tsaye, saboda ita na haɗiye sauran maganar, na ratsa su na fita.

A gida Gwaggo ta tare ni tun daga zaure. Wai na zubar da mutuncin gidan, na mai da su abin dariya, wace irin ɗiya ce za ta tona wa kanta asiri a kan katako. Ta ce ita ta ba da shawarar ja, kuma ko gobe za ta sake. Ta ce in gode wa Allah da na sami mijin da zai ɗauke ni da wannan hali. A kan wannan kalma na shige ɗaki na turo ƙofa. Yatsuna na manne wa gilashin waya, na rubuta masa:

"Ka gaya wa mutanenka kada su je masallaci gobe saboda ni. Wanda ya share hannun ubana ba zai riƙe nawa ba."

Na tura. Na ga alamar nan biyu sun yi shuɗi. Na jefa wayar a kan katifa, kuma in gaya muku gaskiya, sanyi na ji a ƙirjina.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Inna ce. Ba ta faɗin sunana, 'yar fari ce ni.

"Ke, taso."

Ta wuce gaba na bi ta har warsha. Wurin da gadon ya shekara uku yana nan, ƙafafunsa huɗu sun bar shaida a ƙasa. Ta zauna a kan kujerar Baba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta.

"Yaron nan bai da laifi. Ni na aike shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ni na kira shi, kwana biyu da kai gadon. Na ce shi cire biyar ɗin nan na hagu. Ya ƙi. Sau uku yana ƙi, har da kuka. Na ce in bai yi ba ban yafe mai ba, kuma in ya hwaɗa miki ban yafe ba. Mai injin ya ce ba a cire rabi a bar rabi, ya share duka. Wurin ya yi fari, man naki ya ƙi rufe shi. Shi ne Gwaggonki ta ce a sa ja."

"Inna. Ke?"

"Ni."

"Kin fi kowa sanin yadda ya sha wuya a kansu."

"Na fi ki sani. Ke kina riƙe allo, in an gama ki tahi ki yi barci. Ni ke gasa mai hannu yana cizon matashi." Muryarta ba ta rawa, idonta a kan baƙar tukunyar kakin. "Saura kwana huɗu shi rasu ya kama zanina. Ya ce, Fadimatu, na so in warke in sake allon nan. In ban samu ba, kada ki bari a fita da shi gidan nan haka. Shekara arba'in ban ba kowa karkataccen aiki ba, kada ɗiyata ta zama ta farko. Kada a shiga ɗakinta a ce wanga aikin Usta Mato ne. Ya sa na rantse."

"Shekara uku ba ki gaya mini ba."

"Kullum ina ganinki kina shafa su. Ta ina zan fara?"

Ku da kuke karantawa, kuna jira in ce na faɗa jikinta mun yi kuka. Ban yi ba. Wani sabon fushi ne ya taso mini, wanda ban san inda zan ajiye shi ba. Na ji haushin Inna da ta zaɓi rantsuwa a kan ɗiyarta mai rai, ta kuma ɗora wa bawan Allah kayan da ba nasa ba. Na ji haushin Bilyamin da ya tsaya kamar gunki ina shafa masa baƙi a gaban uwarsa. Kuma, Allah ya yafe mini, na ji haushin Baba. Wata bakwai ina riƙe masa allo ina ganin abin da ya fi komai kyau a duniya, shi kuma ashe abin kunya yake gani. Bai taɓa tambayata ba. Gadona ne, da ya tambaye ni.

"Da kun bar mini su," na ce. "Ni ce zan kwana a kai, ba mutanen gari ba."

Inna ta ɗago ta dube ni, karo na farko.

"Na sauke nawa. Ki yi fushi da ni iya son ranki, ina nan, ba inda za ni. Amma yaron nan ki bar shi. Da ya so kansa, da tun a gaban mata ya ce ni ce." Ta kalli hannuna. "Ba ki dai ce mai komi ba bayan kin dawo ko?"

Na bar silifas ɗina a warsha, na ratsa tsakar gida a guje, na ture Hana da ke ɗauke da tire, na faɗa ɗaki. Wayar na nan a kife a kan katifa. Sau biyu ina kuskure lambobin buɗewa. A raina ina cewa zai yi shiru, zai bar ni in huce, ya san bakina.

Saƙo ɗaya ne, amsar wanda na ce kada mutanensa su je masallaci, ya shigo tun kafin kiran la'asar.

"Na gaya musu."